Digirin Digirgir a Aikin Jinya Bayan Digiri na Biyu: Jagora ga Ma'aikatan Jinya na Zamfara

Duk ma'aikacin jinyar da ya sha wahalar digiri na biyu ya dawo bakin aiki a Gusau ko Ƙauran Namoda ko Talatar Mafara, ba ya daɗewa abokan aiki za su fara tambayarsa yaushe zai koma ya ƙaraso na uku. Da an ambaci digiri na uku kuwa, PhD ne ke faɗo wa kowa a rai, domin shi jami'o'in ƙasar nan suka saba bayarwa. Sai dai akwai wani digirin digirgir da aka keɓe wa ma'aikatan jinya kaɗai, wanda ake taƙaita sunansa da DNP, wato digirin dakta a kan gudanar da aikin jinya, kuma tallarsa takan shigo wayoyin mutanenmu da alkawarin cewa ana iya yin sa daga gida ta intanet. Digiri ne na gaske mai amfani, amma an ɗinka shi ne daidai jikin tsarin lafiyar Amurka, saboda haka wanda zai saka shi a Zamfara wajibi ne ya gwada awonsa tun kafin ya biya kuɗin ɗinki.

Jami'ar Case Western Reserve ce ta fara bayar da digirin dakta na aikin jinya a 1979 da wani suna daban, Jami'ar Kentucky ta buɗe shirin DNP a 2001, sannan a 2004 ƙungiyar kwalejojin jinya ta Amurka, AACN, ta amince da shi a matsayin matakin ƙoli ga ma'aikatan jinyar da ke kula da marasa lafiya ko suke jagorantar ayyukan asibiti. A 2006 ƙungiyar ta fitar da ginshiƙai takwas da ake gina karatun a kansu, ta kuma sabunta tsarin a 2021.

Mataki na farko shi ne mutum ya fahimci abin da ya raba wannan digiri da PhD, domin nan ne mafi yawan masu nema suke tuntuɓe. Misali ɗaya zai wadatar. A 2023 aka buga sakamakon wani babban bincike mai suna E-MOTIVE, wanda aka gudanar a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu a kan mata fiye da 200,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero Kano tana cikin jagororinsa. Binciken ya nuna cewa idan aka shimfiɗa wa mai haihuwa leda mai ma'auni da ke tara jinin da ta zubar, aka kuma yi mata magunguna gaba ɗaya da zarar jinin ya kai haddi, maimakon a riƙa gwada su ɗaya bayan ɗaya, munanan sakamakon zubar jini suna raguwa da kusan kashi 60 cikin 100. Waɗanda suka gano wannan, aikin masu PhD suka yi, wato samar da sabon ilimi. To amma wa zai ɗauko wannan ilimi ya shigar da shi ɗakin haihuwa na babban asibitin Gummi ko na Tsafe, ya horar da unguwar zoma, ya tabbatar ledar ba ta yanke a sito ba, ya auna ko an sami sauyi, ya kuma sa abin ya ɗore bayan an yi wa ma'aikata canjin wurin aiki? Wannan shi ne aikin mai DNP. A ganina gurbin da ya fi zama fanko a asibitocinmu ke nan, domin abin da aka riga aka sani yana ceton rai ya fi abin da muke aikatawa yawa nesa ba kusa ba.

Saboda haka ku zauna ku tambayi kanku inda kuke son ganin kanku nan da shekara goma. Wanda burinsa ya zama babban malami ko farfesa a sashen jinya na wata jami'ar Najeriya, PhD ya fi dacewa da shi, domin a kansa aka gina matakan ƙarin girma a jami'o'inmu, kuma ana yin sa a cikin gida, a Ibadan ko Ile-Ife misali, da kuɗin da bai kai na waje ba. Wanda kuma yake son ƙwarewa mai zurfi a wani fanni na jinya da shaidar da aka sani a yankinmu, yana iya duba zama ɗan Kwalejin Jinya da Unguwar Zoma ta Afirka ta Yamma. DNP ya fi dacewa da mai son shugabantar aikin jinya a asibiti, ko sashen inganta aiki a ma'aikatar lafiya, ko shirye-shiryen ƙungiyoyin agaji.

Mataki na biyu, wanda ban yarda a tsallake shi ba ko da kuɗin na hannu, shi ne bincikar matsayin takardar. Ta ɓangaren Amurka, ku tabbatar shirin yana da amincewar ɗaya daga cikin hukumomin da ke tantance karatun jinya, CCNE ko ACEN, kuma ku duba sunan makarantar a shafin hukumar da kanku, kada ku dogara da tambarin da makaranta ta manna a tallarta. Ta ɓangaren gida kuwa, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ce ke tantance takardun karatun waje, Majalisar Kula da Aikin Jinya da Unguwar Zoma, NMCN, ita ke da iko da lasisin aiki, sannan wurin aikinku, ko Hukumar Kula da Asibitoci ta jiha ce ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko kwalejin jinya, shi zai yanke hukuncin ko takardar za ta ƙara muku mataki. Ku rubuta wa kowannensu wasiƙa, ku ambaci sunan jami'ar da sunan digirin da kuma cewa ta intanet ne ko ido da ido, ku nemi amsa a rubuce. Maganar baka da wani jami'i ya yi muku a ofis ba za ta tsaya muku ba ranar da aka canza shi.

Daga nan sai zaɓen layi. Shirye-shiryen DNP sun kasu gida biyu. Akwai na masu kula da marasa lafiya kai tsaye a babban mataki, kamar nas mai duba majiyyaci ya rubuta magani, da nas mai ba da maganin sa barci a ɗakin tiyata, da ƙwararriyar unguwar zoma. Wannan layi ya ɗauru da dokokin jihohin Amurka, yana buƙatar lasisinsu, wanda ba a samunsa sai an ci jarrabawar NCLEX, kuma ikon da yake bayarwa a can ba ya biyo mutum zuwa Najeriya. Layi na biyu shi ne na shugabanci da tsarin lafiya da lafiyar al'umma, kuma shi ne ya fi kusa da buƙatar wanda zai ci gaba da zama a Zamfara. Ko a wannan layin ma jami'o'i da yawa suna sharɗanta lasisin Amurka, don haka tambayar farko da za ku aika wa ofishin ɗaukar ɗalibai ita ce: shin suna karɓar mai lasisin NMCN, kuma shin sun yarda a yi aikin ƙwarewa da aikin kammalawa a asibitin Najeriya? Idan amsar ɗaya daga ciki a'a ce, ku wuce gaba. Ku kuma sani cewa karatun da ake yi kacokan ta intanet ba ya ba da damar bizar ɗalibi, alhali wasu shirye-shiryen suna buƙatar a zo harabar jami'a na 'yan kwanaki sau ɗaya ko biyu, wanda hakan wata ɗawainiya ce ta daban.

Sai batun sa'o'i. Ƙa'idar ita ce ɗalibin DNP ya cika sa'o'i 1,000 na aikin ƙwarewa ƙarƙashin kulawa, ana lissafawa tun daga bayan digiri na farko, kuma jami'o'i da yawa sukan yarda a ɗauko har sa'o'i 500 daga digiri na biyu. A nan ne ɗalibin Najeriya yakan sha mamaki, domin shekarun da ya kwashe yana aikin dare da rana a asibiti ba sa shiga lissafi. Sa'o'in da aka yi a matsayin wani ɓangare na karatu, aka kuma rubuta su, su kaɗai ake ƙirgawa. Digiri na biyu a wurinmu ya fi karkata ga darasi da kundin bincike, saboda haka ku koma sashen da kuka gama tun da wuri ku nemi wasiƙa mai hatimi da ta fayyace adadin sa'o'in da kuka yi a asibiti ko cikin al'umma lokacin karatun. Duk abin da ya rage daga 1,000 sai kun cika shi a cikin shirin, kuma hakan yana ƙara tsawon lokaci da kuɗi.

Sauran takardun sanannu ne. Za a nemi cikakken sakamakon digiri na farko da na biyu, wanda jami'a ce za ta aika kai tsaye ga kamfanin da ke daidaita maki da tsarin Amurka, irin su WES ko TruMerit, wanda a da ake kira CGFNS. Yawancin shirye-shirye suna neman maki 3.0 a ma'aunin 4.0, namu kuwa na 5.0 ne, shi ya sa ake daidaitawar. Za a nemi shaidar lasisi daga NMCN, da wasiƙun shaida biyu ko uku, da tarihin aiki, da shaidar cewa an taɓa yin darasin ƙididdiga, wasu kuma su ƙara da jarrabawar Turanci ta TOEFL ko IELTS. Fitar da sakamako daga jami'a yakan ci watanni, don haka a fara shi kusan shekara guda kafin ranar rufe karɓar takardu. Takardar bayanin manufa ita ce inda za ku bambanta da sauran masu nema: kada ku cika ta da yabon jami'ar, ku faɗi matsala ɗaya da kuke gani a sashenku, da girmanta, da abin da kuke son yi a kanta.

Kuɗi kuma a lissafa shi da alƙalami. Shirin bayan digiri na biyu yakan kasance yunit 30 zuwa 40, ana gama shi cikin shekara biyu zuwa uku ga mai haɗawa da aiki, kuma da dala ake biyan kowane yunit. A matsayin misalin lissafi kawai, idan jami'a tana karɓar dala 800 a kan yunit, shirin kuma yunit 35 ne, kuɗin makaranta kaɗai ya kama dala 28,000, ban da kuɗin tantance takardu da littattafai da data da sola. Ku juya wannan zuwa naira, ku ƙara wani kaso saboda faɗuwar darajarta, sannan ku dubi albashinku da nauyin iyali. Asusun TETFund na malaman manyan makarantun gwamnati ne, ba ya shafar nas ɗin da ke ƙarƙashin hukumar asibitoci. Kada a sayar da gona ko a ci bashi a kan zangon farko alhali ba a san inda kuɗin zango na huɗu zai fito ba. Haka nan a nemi izinin karatu a rubuce daga wurin aiki ko da ba za a bar gari ba, domin takardar da aka samo ba da izini ba takan gamu da cikas wajen ƙarin girma.

Idan an sami gurbi, darussan za su zagaya ne a kan tace hujjojin bincike, da ƙididdiga, da ilimin yaɗuwar cututtuka, da tattalin kuɗin asibiti, da manufofin lafiya, da sarrafa bayanai a kwamfuta, da shugabanci. Gabashin Amurka yana bayanmu da sa'a biyar ko shida gwargwadon lokacin shekara, wato darasin ƙarfe 7 na yamma a can ya faɗo ƙarfe 12 ko 1 na dare a Gusau, don haka ku fifita shirin da ake naɗar darasi a saurara daga baya. Ku tanadi layin waya fiye da ɗaya, ku riƙa sauke kayan karatu gaba da lokaci. Mutanen jihar nan ba su manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse sadarwa na tsawon makonni saboda matsalar tsaro. Ya kamata malamanku su san tun farko cewa irin haka tana iya faruwa, ku kuma ji ƙa'idar jami'ar game da jinkirta zango.

Zuciyar digirin ita ce aikin kammalawa, kuma a kansa nake so a fi tsayawa. Ba kundin bincike ba ne irin na PhD, aikin gyara ne da ake yi a wuri na gaske, a auna shi, a rubuta rahotonsa. Matsalar ta fito daga rajistar sashenku. Muna da su da yawa: jijjigar masu ciki da yadda ake jinkirin fara allurar magnesiyam salfet, da yaran da ke daina zuwa karɓar abincin tamowa kafin su warke, da bibiyar yara a yankunan haƙar zinare na Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a annobar da ta bayyana a 2010. Ku ɗauki guda ɗaya, ku ƙuntata ta har ta zama abin da za a iya gamawa cikin wata shida zuwa tara. "Rage mutuwar mata a Zamfara" buri ne na gwamnati. "Ƙara yawan matan da ake auna jininsu da leda mai ma'auni a ɗakin haihuwa na asibiti kaza cikin wata huɗu" shi ne girman aikin ɗalibi.

Mu ci gaba da misalin zubar jini. Abu na farko shi ne sanin inda ake kafin a taɓa komai, wato a koma rajistar watannin baya a ƙirga haihuwa nawa aka yi, nawa aka rubuta sun zubar da jinin da ya kai mililita 500, nawa aka ƙara wa jini, nawa aka tura wani asibiti. Kada ku yi mamaki idan kuka tarar an rubuta "kaɗan" ko "da yawa" a gurbin adadi, ko an bar gurbin babu komai; wannan kansa sakamako ne, kuma yana iya zama dole a fara da gyaran rubutu na wata guda kafin a sami abin kwatantawa. Na biyu, a tara duk wanda hannunsa ke cikin aikin: shugaban asibiti, da metiron, da unguwar zoma na kowane zubin aiki musamman masu kwana, da mai kula da magunguna, da mai ɗakin gwajin jini, har da masu shara da za su zubar da ledar. Mai magani shi zai gaya muku ko firij yana riƙe oksitosin, allurar da ke tsuke mahaifa don tsayar da jini, a sanyin da ake buƙata, digiri 2 zuwa 8, idan wuta ta ɗauke, kuma allurar da zafi ya kashe ƙarfinta tana iya rushe aikin gaba ɗaya ba tare da kowa ya gane dalili ba. Unguwar zoma da ta shekara ashirin a ɗakin ba za ta karɓi sabon tsari don kawai an ce daga jami'ar Amurka ya zo ba, amma idan aka nemi shawararta a kan inda za a ajiye akwatin gaggawa da wanda zai kira likita, ita za ta riƙe abin fiye da kowa.

Na uku, a fara da ƙarami. Hanyar da aka fi koyarwa zagaye ce mai gaɓa huɗu: a tsara, a gwada, a duba abin da ya fito, a gyara, sannan a sake zagayowa. Ku gwada da masu aikin safe na mako biyu, ku ga ko murza mahaifa da oksitosin da tiraneksamik asid mai rage zubar jini da ƙarin ruwa da duba tsagewa ana yin su tare cikin lokaci, ku gano abin da ya hana, ku gyara, kafin ku faɗaɗa zuwa dare. Ku auna abu uku: ko ana bin tsarin, ko sakamakon mata ya sauya, da kuma ko gyaran ya jawo wata matsala a gefe, kamar ƙarewar magani ko ƙarin nauyi a kan ma'aikaci ɗaya tilo da ke kwana. Ku kula da lokacin shekara wajen kwatanci, domin damina tana zuwa da zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini da lalacewar hanya, kuma wanda ya kwatanta watan Maris da na Satumba yana iya jingina wa aikinsa abin da yanayi ne ya kawo. Wani abin da ke ruɗa sababbin ɗalibai shi ne adadin masu zubar jini yakan hau a farko, saboda yanzu ne aka fara gani da kyau abin da ido ke rainawa a da. A bayyana wa shugabannin asibiti haka tun kafin alƙaluma su fito, kada su ɗauka abin ya ƙara lalacewa ne.

Kafin a taɓa rajista ko majiyyaci, sai an sami izini biyu, na kwamitin ɗa'ar bincike na jami'ar da na kwamitin ma'aikatar lafiya ta jiha ko na asibitin. Jami'a za ta kuma buƙaci yarjejeniya a rubuce tsakaninta da asibitin, da wani ƙwararre a wurin da zai sa ido ya sa hannu a kan sa'o'inku. Waɗannan takardu sukan ɗauki lokaci fiye da yadda ake zato, a fara neman su tun zangon farko. A zaɓi asibitin da ake iya zuwa kullum cikin aminci, ko da wani can cikin ƙauye ya fi buƙata. Aikin da ya yi nasara a gari ana iya kai shi can daga baya. Kuma tun kafin a rubuta rahoton ƙarshe a san wanda zai ci gaba da sayen ledar, da layin kasafin da kuɗin zai fito, da wanda zai horar da sababbin ma'aikata, domin kwamitin da zai saurari kariyar aikinku zai yi wannan tambayar, matan da za su haihu a shekara mai zuwa ma ita ce ta shafe su.

Bayan kammalawa, ku kai takardar Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a tantance, ku sanar da NMCN ƙarin cancantar, ku miƙa kwafi ga wurin aiki haɗe da wasiƙun da kuka karɓa tun farko. Ku gabatar da sakamakon ga ma'aikatan ɗakin da suka yi aikin tare da ku, cikin Hausa, kafin ku kai shi taro ko mujalla. Game da laƙabi kuwa, mai wannan digiri ya cancanci a kira shi dakta a aji da wurin taro da rubutu, amma a asibitocinmu, inda dangin majiyyaci ke kiran duk mai farin kaya likita, ya kamata bajon ƙirjinsa ya nuna ƙarara cewa nas ne, kuma idan ya tsaya a gefen gado ya gabatar da kansa da aikinsa na jinya, domin majiyyaci ya san wanda zai nema idan ana buƙatar likitan da ke bakin aiki.